Yawun Roba: Fasahar Da Ke Kare Haƙoran Masu Jinyar Kansa

Majinyacin Kiyawa da aka yi wa gashin kansar kai ko wuya a asibitin Shika, Zariya, kan koma gida da bushewar baki, domin hasken na'urar na lalata gaɓoɓin da ke samar da yawu. Yawu ne ke wanke tsami, ya mayar wa haƙori kalsiyam. Idan ya ƙafe, haƙora kan fara ruɓewa cikin 'yan watanni.

Yawun roba, na fesawa ko shafawa, na jiƙa baki. Mai tsami kan cinye haƙori, shi ya sa likitoci suka fi son mai fuloraid da kalsiyam. Jiƙawar ba ta daɗewa, balle da hunturu, don haka ƙararrawar waya na taimakawa wajen tuna lokacin ƙarawa.