Jagorar Ƙaramar Hukuma Wajen Kafa Sabon Gari: Misalin Northstowe a Ingila

Gabatarwa

Yawancin garuruwan duniya ba rana ɗaya aka kafa su ba. Mutane kan sauka a wuri saboda ruwa ko ƙasar noma ko hanyar fatauci, sa'an nan kasuwa da makaranta da wurin ibada su biyo baya sannu a hankali. Sabon gari irin na zamani kuwa a takarda ake fara haihuwarsa, tun ba a aza tubali ko ɗaya ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin jagorar da ƙaramar hukuma kan tsara domin irin wannan aiki, ta ɗauki garin Northstowe na ƙasar Ingila a matsayin misali. Manufarta ita ce a nuna cewa ƙarfin jagora ba ya ga yawan gidajen da ta ƙayyade, yana ga yadda ta tsara abin da zai riga wani zuwa.

Asalin ikon ƙaramar hukuma

A shekarar 1946 Majalisar Dokokin Birtaniya ta zartar da dokar sababbin garuruwa, domin rage cunkoson Landan da sauran manyan birane bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Stevenage shi ne gari na farko da aka keɓe a ƙarƙashin wannan doka. Irin waɗannan garuruwa gwamnatin tsakiya ce ta gina su, ta hannun hukumomi na musamman masu ikon sayen fili da yin gini. A shekarar 1947 kuma aka yi dokar tsara gari da ƙauye, wadda ta hana mai fili yin gini a filinsa sai da izini, ta kuma danƙa wa ƙananan hukumomi ikon ba da izinin.

Northstowe ya bambanta da garuruwan 1946, domin ba ƙaramar hukuma ce mai filin ba, ba ita ce kuma mai ginin ba. Kamfanoni da wata hukumar gidaje ta gwamnati su ne masu aikin. Abin da ke hannun ƙaramar hukumar shi ne izini, sai kuma kundin da take auna kowace buƙatar izini da shi. Wannan kundi shi ake nufi da jagora a nan.

Abin da jagorar ta ƙunsa

Wurin da aka zaɓa yana da nisan kimanin mil 5 arewa maso yamma da birnin Kambirij, tsakanin ƙauyukan Longstanton da Oakington. Babban sashensa tsohon filin jiragen yaƙi ne da barikin soja. A shekarar 2007 ƙaramar hukumar Kudancin Lardin Kambirij ta amince da kundin tsarin yankin, bayan an saurari ra'ayoyin jama'a, masu bincike daga gwamnati kuma sun tantance shi. Kundin ya tanadi gari mai gidaje kimanin 10,000. Ana iya karkasa manyan abubuwan da ya tanada gida huɗu.

Na farko shi ne iyaka. An shata inda gini zai tsaya, aka bar sarari mai ciyawa da itatuwa tsakanin sabon garin da ƙauyukan nan biyu, don kada ya haɗiye su su rasa kamanninsu.

Na biyu shi ne ruwa. Ƙasar yankin shimfiɗaɗɗiya ce, kuma duk inda aka rufe ƙasa da rufi da kwalta, ruwan sama kan rasa inda zai nutse. Saboda haka aka tanadi tafkuna a gefen garin, su tare ruwa su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, kada a jawo wa maƙwabta ambaliya.

Na uku shi ne sufuri. An jingina garin da hanyar bas ta musamman wadda aka shimfiɗa a kan tsohon layin dogo tsakanin Kambirij da St Ives, aka buɗe ta a 2011. Nufin shi ne mazauna su iya zuwa aiki ba dole sai da motar kansu ba.

Na huɗu shi ne bukatun zaman jama'a, watau makarantu da kasuwa da wurin shan magani da zauren taro da filayen wasa, tare da wani kaso na gidaje masu rahusa domin masu ƙaramin ƙarfi.

Yadda ake tilasta jagora

Jagora ba ta da amfani idan ba ta da haƙori. Haƙoranta kuwa biyu ne. Akwai sharuɗɗan da ake liƙa wa izini, akwai kuma yarjejeniyar da sashe na 106 na dokar tsara gari da ƙauye ta 1990 ya ba da damar ƙullawa. A ƙarƙashin wannan sashe mai gini kan ɗauki alkawarin ba da fili ko kuɗi domin makaranta ko hanya, a kuma ɗaure alkawarin da adadin gidaje: kafin a shiga gida na kaza, sai an gama abu kaza.

Alal misali, an raba aikin Northstowe zango uku, na farko mai gidaje 1,500, na biyu 3,500, na uku 5,000. An ɗaure ci gaban aikin bayan zangon farko da faɗaɗa babbar hanyar A14, wadda ta riga ta cushe da motoci. Hikimar a fili take, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda takarda ta gaza

Duk da wannan tanadi, al'amura ba su tafi yadda aka zana ba. Rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 ya durƙusar da kasuwar gidaje. A 2010 gwamnati ta soke aikin hanyar A14, sai a 2016 aka fara shi bisa sabon tsari, aka kammala a 2020. Mazauna na farko ba su tare ba sai 2017, shekara goma bayan amincewa da kundin.

Makarantu sun zo da wuri: ta firamare ta buɗe a 2017, ta sakandare a 2019. Amma a 2023, shekara shida bayan tarewar farko, an shiga gidaje fiye da 1,000 alhali babu kanti ko ɗaya a garin, babu wurin shan shayi, babu kuma ɗakin ganin likita. A shekarar ce aka buɗe zauren taro na wucin gadi.

Dalilan wannan giɓi uku ne. Da farko, an ajiye tsakiyar gari, inda manyan kantuna za su kasance, a cikin zango na biyu, don haka mutanen zangon farko suka riga kasuwarsu zuwa. Na biyu, doka tana iya tilasta wa mai gini ya keɓe filin kanti, amma ba ta iya tilasta wa ɗan kasuwa ya buɗe shi, shi kuwa ba ya zuwa sai ya ga masu saye. Na uku, iko a rarrabe yake: izinin gini na ƙaramar hukuma ne, makarantu da yawancin hanyoyi na majalisar lardi, sha'anin likitoci kuwa na hukumar lafiya ta ƙasa. Wanda ya rubuta alkawari ba lalle ne shi ke da ikon cika shi ba.

Wanda ya ɗauki nauyin wannan jinkiri shi ne mazaunin. Tsohuwar da ba ta da mota, da mai jegon da ke neman madara, dole su fita gari kafin su biya ƙaramar bukata. Daɗin daɗawa, wanda ya saba cefane a wani gari da wuya ya sauya ɗabi'a, ko da kanti ya zo ƙofarsa daga baya.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa jagorar ƙaramar hukuma ta yi tasiri a inda aka ɗaure alkawari da adadin gidaje aka kuma san mai biyan kuɗi, kamar makarantu da tafkuna. Ta yi rauni a inda aka bar abu ga kasuwa ko ga wata hukuma dabam. Saboda haka, duk mai nazarin irin wannan kundi kada ya tsaya ga kyawun taswira. Ya nemi amsar tambayoyi uku game da kowane abu da aka lissafa: wa zai gina shi, da kuɗin wa, kuma kafin a shiga gida na nawa?