Zuciya: Injin Ban Ruwan Jikinmu

Duk wanda ya leƙa fadamar Gwandu da rani ya san aikin injin ban ruwa: ya zuƙo, ya tura, ruwa ya bi magudana har kowane fangali. Haka zuciyarmu take. Girmanta kamar dunƙulen hannunmu, amma tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana guda.

Ɗakuna huɗu gare ta. Ɓangaren dama ke tura jini huhu ya ɗauko iskar oksijin, na hagu ya karɓa ya watsa shi ga jiki duka. Ibn Nafis, likita a Alƙahira, ya bayyana wannan hanya ta huhu tun ƙarni na 13.

Jijiyoyin jini iri uku ne: masu fitar da jini daga zuciya, masu dawo da shi, da 'yan sirara fiye da gashi, inda jiki ke karɓar abinci da iska.

Mu ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, mu ƙirga bugun na minti ɗaya. Babba a zaune yakan samu 60 zuwa 100.

Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mu rage gishiri, mu guji taba, mu tunatar da iyayenmu su riƙa zuwa awon jini.