Yadda Ake Gina Harshen Kwamfuta Daga Rubutunsa na Asali

Wani ɗalibina da ke nazarin yawan sauro a unguwanni daban-daban ya taɓa zuwa ofishina cikin damuwa. Ya maimaita lissafin da wani wanda ya gabace shi ya yi a 2018, da alƙaluma iri ɗaya da umarni iri ɗaya, amma samfurin gidajen da kwamfuta ta zaɓo masa ya sha bamban da na wancan. Laifin ba nasa ba ne. Harshen da suka yi aiki da shi, wanda ake kira R, ya canza dabarar da yake bi wajen zaɓen samfur ba da son rai ba tun daga fitowa ta 3.6.0, a shekarar 2019. Akwai hanyar umartar sabon ya bi tsohuwar dabara, amma da yake muna son mu tabbatar da komai na aikin, sai muka yanke shawarar dawo da tsohon harshen ɗungurungum. Wannan kuwa ya tilasta mana gina shi da kanmu daga rubutunsa na asali.

Mai karatu zai iya tambaya, yaya ake gina harshe? Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, kwamfuta ba ta jin R, ba ta jin Python, ba ta jin kowane harshe da ɗan Adam ke rubutawa. Abin da ƙwaƙwalwarta ke ganewa kawai shi ne jerin sifili da ɗaya, wato harshen na'ura. Saboda haka dole a sami mai shiga tsakani, kuma iri biyu ne. Akwai mafassari, wanda ke ɗaukar rubutu gaba ɗaya ya mayar da shi harshen na'ura sau ɗaya, kamar mai fassara littafi. Akwai kuma tafinta, wanda ke bin umarni ɗaya bayan ɗaya yana aiwatarwa nan take, kamar tafintan kotu. Idan aka ce wani ya sa R a kwamfutarsa, tafintan R ya sa. Shi kuwa tafintan nan manhaja ce kamar kowace, wasu mutane ne suka zauna suka rubuta shi. Wannan rubutu nasu, wanda mutum zai iya karantawa ya gyara, shi muke kira rubutun asali.

Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka fara R a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand a farkon shekarun 1990, bisa tsarin wani harshe mai suna S da aka ƙirƙiro a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1976. A 1995 suka saki rubutun asalinsa kyauta ga kowa, fitowa ta 1.0.0 kuma ta zo ranar 29 ga Fabrairu, 2000. An rubuta zuciyar R da harshen C, wanda Dennis Ritchie ya samar a wajajen 1972. Sassan lissafi masu nauyi kuwa da Fortran aka rubuta su, tsohon harshen da kamfanin IBM ya fitar a 1957. Don haka mai son gina R sai ya tanadi mafassaran waɗannan harsuna biyu tukuna.

Aikin kansa, a kwamfuta mai tsarin Linux, bai wuce umarni huɗu ba bayan an sauko da ƙunshin rubutun an kwance shi. Na farko shi ne configure. Wannan ba ya gina komai. Leƙe-leƙe yake yi, kamar magini da ke zagaya fili yana duba ko akwai yashi da ruwa kafin a kwaɓa siminti. Yana gwada mafassaran da ke cikin na'urar, yana neman kayan haɗin da R ke dogaro da su, irin su zlib da bzip2 da xz masu matse bayanai, da libcurl mai ɗauko abu daga intanet. A nan ne mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe. Sau da yawa kayan haɗin yana nan cikin kwamfutar, amma takardun da ke bayyana wa mafassari yadda zai yi magana da shi babu su, domin daban ake sa su. Shawarata ita ce a karanta layukan ƙarshe da configure ya rubuta kafin ya tsaya, domin kusan kullum yakan ambaci sunan abin da ya rasa. A wannan mataki ne kuma ake faɗa masa inda za a ajiye harshen, kuma mu muka zaɓi wani wuri na daban don kada tsohon ya danne sabon.

Umarni na biyu, make, shi ne ginin sosai. Stuart Feldman ne ya rubuta wannan manhaja a 1976, kuma hikimarta mai sauƙi ce: tana riƙe da jerin abin da ya dogara da wani, tana kuma duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, sai ta sake fassara abin da ya canza kaɗai. Na ga amfanin wannan da idona, domin ana tsakiyar aikinmu aka ɗauke wuta, batirin kuma bai daɗe ba. Da wuta ta dawo muka sake ba da umarnin, sai ta tsallake ɗaruruwan fayilolin da ta riga ta gama ta ci gaba. Bayan wannan sai make check, wanda ke sa sabon harshen ya yi lissafin da aka riga aka san amsarsa. Mutane da yawa sukan tsallake shi don gaggawa, ni kuwa ban ga yadda mai binciken kimiyya zai auna abu da ma'aunin da bai gwada ba. Na ƙarshe, make install, kwashe abin da aka gina ne kawai zuwa mazauninsa.

Akwai wani abu da ke faruwa cikin ginin wanda ya fi jan hankalina a matsayina na malamin ilimin halittu. Babban kaso na R da harshen R ɗin kansa aka rubuta shi. Sai an gama gina zuciyar da C, sannan wannan zuciya ta tashi ta harhaɗa sauran jikinta. To, shi mafassarin C fa, wa ya fassara shi? Shahararren mafassarin nan GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987, ba ya ginuwa sai da wani mafassari da ya riga shi. Hasali ma, a cikakken gininsa sau uku ake yi: tsoho ya gina sabo, sabon ya gina kansa, wannan ma ya sake gina kansa, sannan a kwatanta na biyu da na uku a ga ko sun yi daidai. In aka bi salsalar nan baya, za a tarar da mutanen da suka rubuta umarnin na'ura da hannu.

Ɗaliban aji biyar da shida za su ga kamar sun san wannan labari. Sinadarin gado na DNA rubutun asali ne, amma shi kaɗai a cikin kwalba ba ya haifar da komai. Sai ribosom ya karanta saƙon da aka kwafo daga gare shi sannan a sami furotin. Shi kuma ribosom, bayanin yadda ake ƙera shi yana cikin DNA ɗin. Ɗan tayi yana fara rayuwa ne da ribosom ɗin da ya tarar cikin ƙwan mahaifiyarsa, da su yake karanta nasa rubutun har ya ƙera nasa. Tun a 1855 Rudolf Virchow ya bayyana cewa kowace ƙwayar halitta daga wata take fitowa. Kamancen bai cika ta kowace fuska ba, domin babu wanda ya taɓa rubuta ribosom na farko da hannu a ɗakin bincike.

Wannan gado yana da haɗarinsa. A wata lacca da aka buga a 1984, Ken Thompson ya nuna cewa ana iya gurɓata mafassari ta yadda zai riƙa cusa ɓarna cikin abin da yake ginawa, har da 'ya'yansa mafassarai, alhali rubutun asali yana nan tsaf. A watan Maris na 2024 kuma wani injiniya, Andres Freund, ya gano ƙofar sirri da aka dasa cikin xz, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Wani ɓangaren makircin cikin umarnin gini aka ɓoye shi, inda ba kowa ke dubawa ba. Shi ya sa ake sauko da rubutun R daga rumbunsa na CRAN ko madubansa da aka sani, ba daga ko'ina ba.

Ɗalibin sakandare da ke son koyon R ba ya bukatar duk wannan wahala. Ya ɗauki ginanne ya fara aiki. Gini daga tushe na wanda ke neman wata tsohuwar fitowa ne, ko wanda ba shi da izinin sa manhaja a babbar kwamfutar makaranta sai a ɗan sashensa. Namu aikin ya ci yini guda, har da jiran wuta. Da muka ba tsohon harshen alƙaluman, sai ya zaɓo gidajen nan na 2018 ɗaya bayan ɗaya, ɗalibin kuma ya ƙara layi guda a babi na uku na kundinsa, inda ya rubuta lambar fitowar R da ya yi aiki da ita.