Shafin intanet: abin da ya kamata a tambayi mai ginawa kafin a biya shi

Tun shekarar 2011 da aka cire Dioundiou daga Gaya ta zama gunduma mai komin uku, wato Dioundiou, Karakara da Zabori, take da hukumominta da sanarwoyin da ya kamata su kai ga jama'a. Duk ma'aikatar magajin gari ko ƙungiyar manoma da ke son shafin intanet, ba sai an gina mata shi daga tushe ba. Akan ɗauko manhajar sarrafa shafi ta kyauta, kamar WordPress da ta fito a 2003, ko Drupal, ko SPIP ta Faransa. Dukansu da harshen PHP aka rubuta su.

Matsalar takan taso ne idan ana son ƙarin wani abu. A ce ƙungiya tana son farashin gero ya fito da sefa da naira saboda masu zuwa daga jihar Kebbi, kuma a rubuta jika 5 maimakon 5.000 F. Mai gaggawa zai buɗe cikin manhajar ya gyara. Ranar da aka sabunta ta, gyaran ya goge. In an ƙi sabuntawa don tsoron haka, an bar wa ɓarayi ƙofa.

Shi ya sa aka tanadi maratayi, tamkar ƙusa a bango. WordPress na da su tun 2004. Mai ginawa yakan rubuta ɗan ƙaramin aiki mataimaki a fayil na dabam, ya rataya sunansa da umarnin add_filter. Idan manhajar ta iso wurin, sai ta duba sunayen da aka rataya, ta kira su ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa musu farashin, ta karɓi abin da suka mayar. Ba ta san sunan ba sai a lokacin. PHP na yin wannan kira da umarni irin call_user_func.

Sai dai nan ma akwai haɗari. Manhaja ba ta tambayar wa ya ba ta suna, kira kawai take yi. A ranar 28 ga Maris 2018 masu kula da Drupal suka sanar da wata ɓaraka da ta shafi shafuka sama da miliyan ɗaya: baƙo daga waje na iya cusa sunan aikin da ya ga dama, manhajar ta aiwatar masa. Cikin ƴan makwanni aka fara kutsawa shafukan da ba a sabunta ba.

Don haka tambaya uku ce kafin biya. An taɓa cikin manhajar, ko rataya aka yi? Sunayen ayyukan da ake kira suna cikin jerin da aka ƙayyade, ko suna iya fitowa daga abin da baƙo ya rubuta? Kuma wa zai riƙa sabunta shafin bayan kwangila ta ƙare? A sa amsoshin cikin takardar yarjejeniya.