Me ya sa rauta mai ramin tarho ke ɗaukar zafi? Abin da na gani a Aziziya

Waɗanda suka kalli bidiyon makon jiya sun ga na juya wani farin akwatin faiba, na nuna ƙaramin ramin da ke bayansa, na ce za mu dawo kansa. To ga mu, don lissafi ba ya daɗi a bidiyo.

Mai gidan da nake haya a unguwar Aziziya, nan Madina, dattijo ne da har yau bai rabu da wayar girke ba, irin lambar nan mai farawa da 014. Da zafi ya kankama a watan Yuli, lokacin da garin ke wuce digiri 40 kusan kullum, sai wayar ta fara yanke masa magana tsakanin azahar da la'asar. Intanet lafiya lau, tarhon ne kawai ke ɗaukewa, bayan 'yan mintuna ya dawo da kansa. Da ya ji injiniyanci nake karantawa, sai ya ce in zo in duba. Na tarar da akwatin a cikin rufaffiyar durowar katako, a barandar da sanyin AC ba ya kaiwa. Na taɓa shi, kamar kofin shayi.

Da yawanku ba ku riski zamanin NITEL ba, tunda GSM ya shigo Najeriya a 2001, don haka bari in ɗan koma baya. Wayar girke ba ta da batir. Wutarta daga ofishin tarho take zuwa, bolt 48, ta igiyar jan ƙarfe biyu. Wannan 48 ɗin daga jerin batura 24 masu bolt bibbiyu ya samo asali. In an kira ka kuma, sai a turo wuta mai ƙarfi, kusan bolt 70 zuwa 90, don ƙararrawa ta kaɗa. Yau faiba haske take ɗauka, ba ta ɗaukar lantarki, saboda haka duk wannan aiki ya dawo kan wata 'yar IC a cikin akwatin gidanka. Sunanta SLIC. Daga bolt 12 na adafta ake haɗa mata waccan wutar.

Ga inda abin ya ba ni sha'awa. In ka ɗaga kan waya, wajen miliamfiya 25 ke gudana a layin. Ninka 48 da 0.025, ka samu wat 1.2. Wayar kanta kusan bolt 8 take riƙewa, wato wat 0.2 kacal. To ina sauran? A da, igiyar mai tsawon kilomitoci ce ke shanye kaso mai yawa. In juriyarta om 1,000 ce, bolt 25 ya tafi a hanya, IC ɗin ta rage da ƙasa da wat 0.4. Amma a gidan dattijon nan igiyar ba ta kai mita uku ba, ba ta shan komai. In ba a yi wata dabara ba, kusan wat ɗaya cur zai zama zafi a cikin abin da bai kai farcen ɗan yatsa ba. Wato gajeren layi ya fi dogo wahalar da IC. Ni kaina ranar da na fara jin haka a aji sai da na sake lissafin.

Wat ɗaya kamar ba komai ba ne, ko? Mu ɗauka IC ce da kowane wat ke ɗaga ta da digiri 40 sama da iskar da ke kewaye da ita. A ɗaki mai digiri 25, ta tsaya a 65. A durowar da babu iska, ga zafin Wi-Fi da na adafta sun taru a wuri ɗaya, farawar ma daga sama take. Irin waɗannan IC suna da mai gadi a ciki: in zafi ya kai iyaka, sai su kashe layin har su huce. Ban buɗe akwatin ba, amma alamun sun yi daidai da wannan.

Masu ƙira sun san matsalar. Wasu na sa wuta iri biyu, babba don ƙararrawa da lokacin jira, ƙarama kamar bolt 24 don lokacin magana. Da wannan kaɗai zafin misalinmu ya sauko zuwa wat 0.4. Wasu na sa rizisto a waje ya ɗauke wa IC wani kaso, sai dai zafin na nan cikin akwatin, wuri kawai ya canja. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta irin ProSLIC da Silicon Labs ta ƙirƙiro, inda ake rage wutar ta bi daidai buƙatar layin. A ganina duk akwatin da za a sayar a ƙasar zafi ya kamata ya zo da wannan, amma ba za ka ga an rubuta a jikin kwali ba.

Gyaran da muka yi bai ci ko riyal ɗaya ba. Muka fito da akwatin, muka rataye shi a bango cikin falo, adafta nesa da shi. Muka kuma cire wata tsohuwar waya ta biyu mai ƙararrawar ƙarfe da ke kan layin, don irinta na jan wuta sosai in tana kaɗawa. Tun daga ranar bai sake kirana kan batun ba.

'Yan Kano da Sakkwato, ku da Afrilu ke gasa ku, wasu rautocin 4G ma na da wannan ramin. Na san ana lulluɓe rauta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, sai a manta da shi har bazara. Ku yaye shi. Ko ba ku amfani da tarho, kafasitocin ciki na jin jiki: a ƙa'idar da injiniyoyi ke bi, duk ƙarin digiri 10 na raba tsawon ransu biyu. Wanda ke da irin wannan rauta ya faɗa min samfurinta a ƙasan bidiyon, ina son in buɗe guda biyu mu ga wace SLIC aka sa musu.