Waƙar Fela da Sojan da Ba a San Shi Ba

Duk wanda ya zauna a Legas a tsakiyar shekarun 1970 ya san dorinar soja. Yaƙin basasa ya ƙare a 1970 ya bar wa Nijeriya sojoji wajen 250,000, alhali kafin yaƙin ba su fi dubu goma da 'yan kai ba. Barikoki sun yi musu kaɗan, mulki kuma a hannunsu yake. Kuɗin mai ya cika gari da motoci har hanyoyi suka cushe, sai aka zuba sojoji a titi su raba cunkoso. Direban da ya kauce layi, a fito da shi daga mota a zane shi a bainar jama'a, ko da kuwa ya haifi mai dukan. Mutane su haɗiye, su koma gida su yi gunaguni a ɗaka.

A 1976, shekarar da aka kashe Janar Murtala Muhammed, Janar Olusegun Obasanjo ya gaje shi, wani makaɗi ɗan Abeokuta ya fito da gunagunin nan fili ya sa masa ganga. Sunansa Fela Anikulapo-Kuti, waƙar kuma Zombie. A camfin mutanen Haiti, zombie gawa ce da boka ya tayar daga kabari, tana tafiya amma ba ta da tunani ko nufi na kanta, sai abin da ubangidanta ya ce. Da ita Fela ya kwatanta sojan Nijeriya. Ya ɗauko irin tsawar da saje yake dakawa a filin fareti, ya ɗora a kan gangunan Tony Allen da ƙahonin ƙungiyar Fela ta Africa 70, yana ba da oda, 'yan amshi mata suna mayar masa. Waƙar ta kai minti goma sha biyu, kusan rabinta kiɗa ne zalla kafin ya buɗe baki. Da Turancin buroka ya yi ta, don haka Bayarabe da Bahaushe da Ibo da mutumin Gana duk suka ji abin da yake faɗa ba tare da tafinta ba.

Wanda ya san yadda zambon makaɗan fada yake hana ɗan sarki barci zai gane inda ciwon yake. Soja ya saba a tsane shi, ya saba a ji tsoronsa. Abin da bai saba da shi ba shi ne a yi masa dariya. Ga shi yanzu ya ratso kasuwa da kakinsa, sai ya ji an jefa masa sunan waƙar daga bayansa, yara kuma sun saɓa sanda a kafaɗa suna kwaikwayon maci.

Ba daga sama Fela ya tsinci wannan makami ba, a gida ya tashi ya tarar da shi. Mahaifinsa, Rabaran Israel Ransome-Kuti, shi ne shugaban farko na ƙungiyar malaman makaranta ta Nijeriya. Mahaifiyarsa kuwa, Funmilayo, ita ce ta haɗa kan matan kasuwar Abeokuta a ƙarshen shekarun 1940 don ƙin harajin da aka ɗora wa mata. Dubban mata suka yi ta kwana a ƙofar fadar Alake Ademola, suna rera masa waƙoƙin zambo dare da rana, har ya sauka daga sarauta a Janairun 1949, ko da yake ya dawo daga baya. Ita kaɗai ce mace a tawagar jam'iyyar NCNC da ta je Landan a 1947 don kai kuka kan tsarin mulkin Gwamna Richards. Labarinta ya iso Arewa, har Hajiya Gambo Sawaba, tana yarinya a jam'iyyar NEPU, ta yi tattaki daga Zariya zuwa Abeokuta don ta gan ta. Lokacin da Fela yake ɗan shekara goma, ya ga waƙar mata ta tuɓe rawani.

Gidansa yana lamba 14 a titin Agege Motor Road, a yankin Mushin. Ya kewaye shi da waya, daga baya ya sa mata lantarki, ya raɗa masa suna Jamhuriyar Kalakuta, ya ce dokar gwamnati ba ta aiki a ciki. Mutane da yawa ke zaune a nan, makaɗa da 'yan rawa da yaran da ba su da wurin kwana. Akwai ɗakin ɗaukar waƙa, akwai kuma ɗakin shan magani na ƙanensa, Dakta Beko Ransome-Kuti. Mahaifiyarsu ma takan zauna a nan tare da su. 'Yan sanda sun sha kai samame gidan tun 1974.

Sai ga bikin al'adu na FESTAC, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977. Gwamnati ta gayyato baƙaƙen fata na duniya, ta gina babban ɗakin wasanni a Iganmu da unguwa guda don baƙi, aka yi hawan daba a Kaduna. Fela yana cikin kwamitin shirye-shirye da farko, ya fice yana cewa ɓarnar dukiya ce. Kowane dare sai ya buɗe gidan rawarsa, Shrine, ya yi ta caccakar gwamnati yana kiran sunaye, baƙin gwamnatin kuma suna sulalowa daga masaukinsu su zo su saurara. Har Stevie Wonder ya je. Muddin baƙi suna gari, ba wanda ya taɓa shi.

Kwana shida da rufe biki, ranar Juma'a 18 ga Fabrairu, aka sami saɓani tsakanin wasu yaran Fela da sojoji kan dokar hanya. Sojoji suka zo ƙofar gida suka ce a miƙo yaran, Fela ya ƙi, ya ce a kawo takardar kamu. Kafin a jima sojoji wajen dubu ɗaya sun kewaye gida ɗaya tak. Suka cinna wa janareto wuta, lantarkin waya ya ɗauke, suka afka. Abin da ya biyo baya, waɗanda suka tsira sun faɗe shi a asibiti da gaban kwamiti da gaban kotu. An farfasa kawunan maza da gindin bindiga. An tuɓe mata, an yi wa wasunsu fyaɗe. An ji wa Dakta Beko mummunan rauni. Fela kansa an yi masa dukan kawo wuƙa, ya ce da ba don wani hafsa ya shiga tsakani ba da sun ƙarasa shi. An hana 'yan kwana-kwana isowa, an doki 'yan jaridar da suka matso. Gida ya ƙone ƙurmus da kayan kiɗa da motoci da faya-fayan asali na waƙoƙinsa.

Funmilayo tana saman bene. Shekarunta 76. Sojoji suka ɗauke ta suka wurgo ta ta taga.

Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Kalu Anya. Da rahoto ya fito, sai aka ce wutar wani soja ne da ba a san ko wane ne ba ya cinna ta. A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Aikin soja duk a rubuce yake. Kowane kurtu yana da lamba, yana da bataliya, yana da hafsan da yake amsa wa. Ba a fitar da bindiga daga ma'ajiya sai an sa hannu. Mutum dubu ba sa barin bariki da rana tsaka a babban birnin ƙasa, su shafe sa'o'i suna ƙona gida, a ce ba wanda ya san wanda ya fitar da su. Gwamnatin da take jin haushin an ce sojanta ba su da tunanin kansu, ita ce ta dawo tana cewa ba wanda ya ba su umarni. Kuma ba ta tsaya nan ba, ta ƙwace filin gidan, ta rufe Shrine.

Tsohuwar ba ta sake komawa daidai ba. Ta yi ta jinya har ta rasu ranar 13 ga Afrilu 1978.

Na san da yawa daga masu karanta wannan ba sa ƙaunar Fela, kuma suna da dalili. Yana shan wiwi a fili yana alfahari da ita. Yana karɓar baƙi daga shi sai ɗan kamfai. A Fabrairun 1978 ya auri mata 27 a rana ɗaya. Ra'ayinsa game da mata ya saɓa wa duk abin da mahaifiyarsa ta yi gwagwarmaya a kai, kuma ya yi wa Musulunci da Kiristanci shaguɓen da ba zan yarda da shi ba. Amma ba don wiwi aka tura mutum dubu ba, masu shanta sun cika Legas har cikin bariki. An je ne don a kashe bakin da ya sa talaka ya yi wa mai bindiga dariya. Idan muka ce sai mutumin kirki ne kaɗai ya cancanci a bi masa hakki, to mun ba hukuma lasisi, domin ba ta rasa aibin da za ta nuna a jikin kowa.

An yi zaton ya ji jiki zai yi shiru. Sai ya mayar da kowane mataki na lamarin waƙa.  Rahoton kwamiti ya zama Unknown Soldier, inda ya ba da labarin ranar daki-daki, muryarsa tana karyewa idan ya zo kan mahaifiyarsa. A Accra a 1978 tarzoma ta ɓarke yana cikin rera Zombie, gwamnatin sojan Gana ta kore shi daga ƙasar. Ya kafa jam'iyya, MOP, ya ce zai tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979, hukumar zaɓe ta FEDECO ta ƙi yi mata rajista. Biyar kawai ta amince da su, cikinsu har da PRP ta Malam Aminu Kano.

Ana gab da miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari ranar 1 ga Oktoba 1979, Fela ya ga Obasanjo zai tafi gonarsa salin-alin. Sai ya sa aka ƙera akwatin gawa a madadin na mahaifiyarsa, ya ɗora a mota da mutanensa, suka nufi Barikin Dodan, fadar shugaban ƙasa ta lokacin. Suka sauke akwatin a bakin ƙofa, gaban sojoji masu gadi, suka ce a kai wa mai gidan. Wannan ma ya zama waƙa, Coffin for Head of State, wadda a cikinta ya ambaci Obasanjo da mataimakinsa Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa da sunayensu.

Iyalin sun kai ƙara suna neman diyyar naira miliyan 25, lauyansu Tunji Braithwaite. Shari'a ta ja har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 1985. Kotu ba ta ce ba a yi ɓarna ba. Cewa ta yi akwai tsohuwar ƙa'ida da aka gada daga Ingila, wadda ta hana a kama gwamnati da laifin da ma'aikatanta suka yi, kuma ita ke aiki a 1977. Tsarin mulkin 1979 ya kawar da ita, amma bai waiwayi baya ba. Ko kwabo ba su samu ba. Lokacin da aka karanta hukuncin ma Fela yana kurkuku, domin gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kama shi a filin jirgin Legas a 1984 kan zargin fita da kuɗin waje, aka yanke masa shekara biyar. Ƙungiyar Amnesty International ta ce ɗaurin siyasa ne. Ya yi wani ɓangare na zaman a gidan yarin Maiduguri, aka sake shi a Afrilun 1986 zamanin Janar Babangida.

Abin da ya zo bayan nan, da a littafin ƙage aka rubuta shi da an ce marubucin ya cika ƙari. A 1995 Janar Sani Abacha ya ce an shirya masa juyin mulki. Kotun soja ta asirce ta ɗaure Obasanjo, ta ɗaure 'Yar'aduwa. Daga cikin waɗanda suka fallasa wa duniya yadda ake gudanar da wannan shari'a har da Dakta Beko, wanda a lokacin ya zama jigo a fafutukar kare hakkin ɗan Adam. Saboda haka aka haɗa shi da su, aka yanke masa ɗaurin rai da rai, daga baya aka mayar shekara 15, aka kai shi gidan yarin Katsina. Mutumin da aka ƙona asibitinsa aka jefo uwarsa ta taga a ƙarƙashin mulkinsu, ga shi a ɗaure a shari'a ɗaya da su. Beko yana can Katsina Fela ya rasu ranar 2 ga Agusta 1997. Wansu, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya fito ya shaida wa duniya cewa ƙanjamau ce ta kashe shi, a lokacin da ba a ambaton cutar a gidajen manya. Jama'a suka cika dandalin Tafawa Ɓalewa maƙil don sallama da shi. 'Yar'aduwa ya rasu a gidan yarin Abakaliki a Disambar shekarar. Obasanjo da Beko suka fito a Yunin 1998, bayan mutuwar Abacha.

Da Obasanjo ya dawo a matsayin zaɓaɓɓen shugaba a 1999, shi da kansa ya kafa kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa don binciken cin zarafin da aka yi a zamanin soja. Beko ya shigar da ƙorafi kan Kalakuta. A 2001 shugaban ƙasa mai ci ya zo ya zauna gaban kwamitin ya amsa tambayoyi kan abin da ya faru shekara 24 da suka wuce. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. Beko ya rasu a Fabrairun 2006, kuma har ya bar duniya ba a gurfanar da soja ko ɗaya kan mutuwar mahaifiyarsa ba.