Makarantun mishan a Zariya: Me suka amfana wa yara da iyalai?

A kowace safiyar ranar karatu, hanyoyin da suka haɗa Bomo da Samaru da Sabon Garin Zariya kan cika da yara sanye da kayan makaranta iri daban-daban.

Wasunsu makarantun gwamnati suka nufa, wasu Islamiyya, wasu kuma makarantun da coci-coci suka kafa.

Ga iyaye Kiristoci da dama a wannan yanki, tambayar da ke gabansu ita ce yadda za su sama wa 'ya'yansu makarantar da ta haɗa ingancin karatu da tarbiyya irin ta addininsu. Wannan tambaya tana da tarihin da ya haura shekaru 100 a ƙasar Zazzau.

Nahawu, manɗiƙi da balaga

Tsarin da ake kira ilmin Kirista irin na da ya samo asali ne daga makarantun coci na Turai, waɗanda suka gaji karatun Girkawa da Romawa.

An gina shi ne bisa fannoni uku. Da farko yaro zai koyi nahawu da hadda, daga nan ya shiga manɗiƙi, wato ilmin kafa hujja, sannan ya kammala da balaga, wato iya magana da rubutu. Littafi Mai Tsarki ne ke tsakiyar dukkan karatun.

Waɗannan fannoni ba baƙi ba ne ga mutanen Zariya, domin kuwa malaman zaure na cikin birni sun daɗe suna karantar da nahawu da manɗiƙi da balaga da harshen Larabci.

A shekarar 1947 ne marubuciyar nan 'yar Ingila, Dorothy Sayers, ta yi wani jawabi a Oxford inda ta koka cewa makarantun zamani na cusa wa yara darussa barkatai ba tare da koya musu yadda ake tunani ba.

Jawabin nata ne ya zama tubalin farfaɗo da tsarin a Amurka, inda aka buɗe makarantar Logos a jihar Idaho a 1981, wasu da yawa kuma suka biyo baya.

A Najeriya kuwa, tun 1859 ƙungiyar mishan ta CMS ta buɗe makarantar sakandare a Legas wadda ake koyar da harsunan Latin da Girkanci a cikinta.

Daga cikin birni zuwa Wusasa

A ƙasar Hausa, misali mafi kusa da wannan tsari shi ne na Wusasa.

A 1905 ne Dakta Walter Miller, wani likita ɗan mishan na CMS, ya zauna a cikin birnin Zariya a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya kuma buɗe ɗakin shan magani da ƙaramar makarantar yara maza.

A 1929 aka mayar da mishan ɗin wajen gari, zuwa Wusasa da ke kusa da dutsen Kufena. A can ne cocin St Bartholomew da makaranta da asibiti suka kasance wuri guda, a tsakiyar gidajen jama'a.

Hakan ya sa malamin da ya koyar da yaro a aji shi ne zai gan shi a coci ranar Lahadi, kuma maƙwabcin iyayensa ne. Abin da aka koya a makaranta shi ake nanatawa a gida.

An kuma ba harshen Hausa muhimmanci. Dakta Miller na cikin waɗanda suka yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932.

Duk da ƙanƙantarsa, garin ya fitar da mutanen da suka yi fice. Akwai Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ke cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Akwai John Tafida, wanda tare da Rupert East suka rubuta littafin Jiki Magayi.

Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya yi firamare kafin ya wuce kwalejin gwamnati ta Zariya, wadda ake kira Barewa a yau.

Akwai kuma Farfesa Ishaya Audu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, daga 1966 zuwa 1975.

Ɗari-ɗari da karɓe makarantu

Sai dai ba kowa ne ya yi na'am da makarantun ba.

Iyaye Musulmi da dama sun ƙi kai 'ya'yansu don gudun kada a sauya musu addini, kuma gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita ayyukan mishan a masarautun Musulmi.

Wannan na cikin dalilan da suka sa makarantun mishan suka fi yawa a unguwannin baƙi irin su Sabon Gari, da kuma kudancin lardin Zazzau. Masana tarihi kan danganta wani ɓangare na tazarar karatun boko tsakanin Arewa da Kudu da wannan lamari.

A farkon shekarun 1970, bayan yaƙin basasa, gwamnatocin soji na jihohi suka karɓe makarantun mishan, da hujjar daidaita karatu da kuma haɗa kan ƙasa.

Kwalejin St Paul ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena. A Kaduna, St John ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles kuma ta zama Kwalejin Sarauniya Amina.

Matakin ya buɗe ƙofa ga yaran kowane addini. Amma shugabannin coci sun daɗe suna kukan cewa tarbiyya da kula da gine-gine sun ja baya tun daga lokacin.

Wasu jihohin kudu sun sauya shawara daga baya. Legas ta mayar da wasu makarantu ga masu su a 2001, Anambra kuma ta yi haka a 2011.

Riba da tsada

Masu goyon bayan irin wannan karatu kan ce babbar ribarsa ita ce yaro ya iya karanta littafi da kansa, ya auna hujja, ya kuma bayyana ra'ayinsa cikin ladabi. A ganinsu, wanda ya samu waɗannan ba zai sha wuyar koyon kimiyya ko wata sana'a ba.

Ga iyali kuwa, suna cewa amfanin shi ne gida da makaranta su yi magana da murya ɗaya a kan gaskiya da riƙon amana da girmama na gaba.

Masu suka kuma na ganin cewa raba yara bisa addini tun suna ƙanana na iya rage cuɗanya, musamman a jihar Kaduna da ta sha fama da rikice-rikicen addini.

Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowace ƙungiyar addini damar koyar da addininta a makarantar da take ɗaukar nauyinta. Sashen ya kuma hana tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba.

Babban ƙalubalen dai shi ne kuɗi. A da, makarantun mishan na samun gudummawa daga coci-cocin ƙetare da tallafin gwamnati, abin da ya ba 'ya'yan talakawa damar shiga. Yanzu akasarin makarantun coci sun dogara ne da kuɗin da iyaye ke biya a kowane zango.

Don haka manomi a Bomo ko ƙaramin ma'aikaci a Samaru na iya ba da baiko a cocin da ya gina makaranta, amma ya kasa sa ɗansa a cikinta.

Muddin ba a samo hanyar sassauta wannan nauyi ba, zai yi wuya makarantun coci na yau su yi wa 'ya'yan talakawa irin abin da Wusasa ta yi musu a da.